Takardar da Babu Jan Biro

Tun ranar da aka ce na samu gurbin karatun likita sunana ya ɓace a gidanmu na Aliero. Ban taɓa riƙe allura ba, ban san yadda cikin mutum yake ba, amma daga mahaifina har mai kawo mana ruwa a kura kowa Likita yake ce mini. Ni kuma ban taɓa hana kowa ba. In na ce abin bai yi mini daɗi ba na yi ƙarya, har tafiyata sai da ta canza. Mutum ɗaya ce ba ta bi yayi ba, Goggo, yayar mahaifina. Sunan mahaifinsu aka sa mini, ita kuwa ba ta iya kama sunan uba da bakinta, sai take ce mini Babana. Da shi ta kira ni ina rarrafe, da shi ta kira ni ranar da na dawo gida da farar riga a jaka ina neman wanda zai tambaye ni ta mece ce.

A hannunta aka yaye ni. A lokacin tana aure a Andarai, can ƙasar Maiyama, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. An kai ni yaye na wata biyu, sai da na shekara shida kafin Baba ya iya ƙwato ni ya sa ni makaranta. Da mijinta ya rasu ta tattaro 'yan kwanoninta ta dawo gidan ƙanenta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da turken awaki. 'Yar mitsitsiyar mace ce. Ko a ƙuruciyarta ba ta da jiki, da tsufa ya zo kuma ya kwashe ɗan abin da ya rage. Amma ba ta zauna ta zama kaya ba. Mu manoman albasa ne, kuma in an cire albasa ba duka ake kaiwa kasuwa ba. Mafi yawa ana zubawa a rudu, rumfar kara mai ɗan tudu, ta jira tsada. Albasa ɗaya in ta ruɓe sai ta ja maƙwabtanta, don haka dole kullum wani ya bi yana tsince masu lalacewa. Wannan aikin Goggo ne, kuma ba wanda ya kama ƙafarta a kansa. Ba ta ma duban albasar. Babban yatsa take ɗorawa a wuyanta ta ɗan danna, sai ta ajiye ko ta jefar.

Shekarar da na shiga aji huɗu ta fara cewa ba ta jin daɗin jikinta. Matsalar ita ce ciwon nata ba shi da wurin nunawa. Ba zazzaɓi, ba tari, ba kumburi. Gajiya ce, da bakin da ba ya jin ɗanɗanon komai, da ƙaiƙayi, da ciwon gaɓoɓi. A garinmu, inda ake kawo mutum da karyayyar ƙafa tana lilo a ɗora masa ita ya koma gida, ciwon da ba a gani ba shi da wata daraja. Inna, mahaifiyata, ta yi mata kunu wata uku ba ta ce uffan ba, ta ɗauke mata wanki, ta sa matan yayyena biyu suna share mata ɗaki. Ba zan ce Inna muguwa ce ba. Mace ce mai tukunyar mutum goma sha tara, kuma ta gaji. Ta fara tambaya, ba a gaban Goggo ba, ko wannan jinya tana da ranar ƙarewa.

Na zo ɗan gajeren hutu saura kwana tara a kama azumi, a tsakiyar bazara, lokacin da ko inuwa zafi take yi. Baba ya ce in kai Yaya Jega a auna jininta, a san abin da ake ciki. Haka yake kiranta, kuma yana jin nauyinta. Na goya ta a babur. Sau biyu a hanya na mai da hannu baya na taɓa gwiwarta don in tabbatar tana nan, saboda babur ɗin bai nuna ya ɗauki mutum biyu ba. Na tuna na yi mata ba'a a kan haka, na ce ko buhun ganyen albasa ya fi ta nauyi. Ta yi dariya ta dungure mini ƙeya.

Wani ɗakin gwajin jini ne na kuɗi a bayan kasuwa. Mai wurin yana da wata al'ada da kowa ya sani. Kowace lamba a takardar sakamako tana da iyakarta a gefe, daga kaza zuwa kaza, in lambar mutum ta tsallake iyaka sai ya kewaye ta da jan biro. Tsofaffin Jandutsi da Gehuru da ba su san ko harafi ɗaya na boko ba, da an miƙo musu takarda ja suke nema. In akwai ja a yi salati, in babu a yi hamdala. Washegari na koma na karɓo ta Goggo. Fara ce fes, ko ɗigon ja babu.

Ya kamata in faɗi iyakar abin da na sani a lokacin. Na haddace sunan kowane abu da ke cikin takardar nan, na san inda jiki yake ƙera shi da inda yake zubar da shi, na ci jarrabawa a kansu. Abin da ba mu fara ba shi ne fassara, yadda ake ɗora lamba a kan mutum mai rai. Wannan sai mun koma. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana, sai dai ni ba a wuyana ƙuƙumin ya tsaya ba.

Da na ga dama da na shiga ɗakinta mu biyu na gaya mata. Amma wa zai gan ni? Na jira sai bayan la'asar, lokacin da kowa yake tsakar gida, mata suna gyaran hatsi, Baba yana alwala a bakin rijiya. Na tsaya na warware takarda. Ina kiran sunan kowane abu da Turanci, in ɗan dakata don ya shiga kunnuwa, sannan in sauko in yi bayani. Sukari lafiya. Hanta lafiya. Gishirin jini lafiya. Na zo kan kiratinin, wanda da shi ake gane aikin ƙoda: ɗari da huɗu, iyaka kuma ɗari da goma. Na lura cewa lambobi da yawa sun maƙale a bakin iyaka, wasu ta sama wasu ta ƙasa. Na lura, wallahi. Sai na ce a raina wanda yake bakin ƙofa ai yana cikin gida.

Goggo tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, tana sosa damtsenta. Ta bari na gama.

"To Babana, mi ka cina?"

"Ba komi, Goggo. Takarda ba ta ƙarya. Tsuhwa ta, sai ɗan son jiki."

Ƙarshen maganar don a yi dariya na faɗe shi, kuma an yi. Matar babban yayana har da tafa hannu. Inna ba ta yi dariya ba, ajiyar zuciya ta yi ta ci gaba da sheƙa. Goggo ta dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta janye ƙafafunta ta rufe su da zane. Can ta yi tambayar da ta fi damunta. Ta ce liman ya gaya mata in likita ya ce mutum ba shi da lafiya, yana iya ajiye azumi ya ciyar. Ni me na gani? Na ce ban ga uzuri ba. Ciwon gaɓoɓi kuwa, na ce wannan mai sauƙi ne. Na je kemis na sayo mata maganin ciwon jiki mai ƙarfi, irin wanda 'yan dako suke sha, na ce ƙwaya ɗaya da sahur, ɗaya in an sha ruwa.

Ban san takarda tana iya sakin mutane haka ba. Wata uku suna haɗiye magana saboda kunya da tsoron Allah, sai ga shi Likita ya ce ba komai. Kunun safe ya tsaya tun kafin azumi ya tsayar da shi. Wankinta ya koma bakin ƙofarta. In ta yi nishi za ta tashi, sai ka ji ɗaya daga matan yayyena ta ce wa 'yar'uwarta a kawo jan biro, Goggo za ta miƙe. Suka sa mata suna Farar Takarda, da farko a bayan idonta, daga baya a gabanta. Inna ba ta shiga ba'ar ba, amma ba ta tsawata ba, kuma ita ce ta ce mata albasa tana lalacewa a rudu tun da mai tsinta ta kwanta. Ranar da aka kai azumi uku Goggo ta ɗauki kwandonta ta koma bakin aiki.

Ni ma na sa hannu, kada in laɓe a bayan mata. Duk safiya in na wuce ta sai in ce, ya jikin da ba ciwo? Ina ganin wasa ne irin wanda muka saba. Da can takan rama, bakinta ba ya mutuwa. Yanzu sai ta ce da sauƙi, Likita. Kwana biyu ban ma lura sunan ya canza ba, da na lura kuma daɗi na ji, na ɗauka a ƙarshe ta yarda na zama wani abu.

Wata rana da hantsi na same ta a rudu ta jefar da wata ƙatuwar albasa mai sheƙi. Na ɗauko na ce wannan ai lafiyarta lau, asara take yi mana. Ba ta yi gardama ba. Ta karɓa ta luma yatsa a wuyanta, sai ga baƙin ruwa mai wari ya biyo hannunta. Ta goge a zane ta ɗauki ta gaba. Da idona na ga wannan, na toshe hanci na wuce, ban fahimci komai ba.

Na koma makaranta ana azumi goma. Kwana goma bayan haka muka shiga darasin ƙoda. Malamar tsohuwar likita ce, gajeriya, mai tabarau a kan hanci. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, kuma ba wanda ba ya tsoronta. Ta rubuta lamba ɗaya a allo, kiratinin ɗari da biyar. Ta ce mutum biyu ne suke da wannan lamba. Ɗaya ɗan dako ne mai shekara ashirin da biyar, ƙato, mai cin nama. Ɗaya tsohuwa ce mai shekara saba'in da iska za ta iya ɗauka. Wanne ne ba shi da lafiya? Hannuna ya riga na kowa tashi. Na ce babu ko ɗaya, duka suna cikin iyaka. Na faɗa da muryar wanda ya taɓa yin aikin.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce kada in zauna, in tsaya har a gama darasi, don 'yan aji su haddace fuskar wanda zai kashe musu kakanni. Aji ya kwashe da dariya. Na san irin dariyar nan, na taɓa jawo ta a tsakar gidanmu.

A tsaye na ji sauran. Ta ce kiratinin shara ce da tsoka take zubarwa kullum, ƙoda kuma ita ce mai kwashewa. Mai tsoka da yawa shararsa da yawa, mara tsoka kaɗan. Gidan mutum talatin in ka ga kwandon toka guda a ƙofarsa, ana kwashewa kullum. Ɗakin tsohuwa ita kaɗai in ka ga kwandon toka guda, an daɗe ba a kwashe ba. Ta ce iyakar da ake bugawa a gefen takarda da jikin ƙarti aka yanke ta, kuma takarda ba ta san ko jinin wa aka zuba mata ba. Aikin likita ke nan, ya dubi mai jinin. Ta koya mana lissafin: a cire shekarun mutum daga ɗari da arba'in, a ninka da nauyinsa, a raba da lambar. Sannan ta ce abu biyu ne suke ƙarasa ƙodar da ta riga ta gaji, ƙishirwa da maganin ciwon jiki. Ta kira sunan maganin. Shi ne wanda na sayo.

A tafin hannuna na yi lissafin, ina tsaye, da biro. Ban san shekarun Goggo daidai ba, na sa sittin da takwas. Ban san nauyinta ba, sai na tuna babur, na sa kilo talatin da shida. Abin da ya fito ashirin da 'yan kai ne, inda lafiyayye yake da kusan ɗari. Wato ranar da na tsaya a tsakar gida ina cewa son jiki, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙodarta ne yake aiki. Wannan kuma kafin azumi ashirin a cikin bazara, da ƙwaya biyu kullum. Na sake lissafin na ƙara mata nauyi, na rage mata shekaru. Bai taimaka ba.

Da aka tashi na kira Baba. Yana wajen lodin albasa, ina jin ƙarar mota da ihun 'yan dako. Na ce a hana Goggo shan maganin nan, kuma ta ajiye azumi. Ya ce ba ya ji sosai. Na maimaita.

"Ba kai kac ce lahiyatta lau ba?"

Na ce an ɗan samu ƙarin bayani. Haka na faɗa, ƙarin bayani. Ya ce to, in ya koma gida zai yi magana, sai ya kashe waya. Na san Baba, na san maganar ba za ta wuce bakin kasuwa ba. Ranar Talata ce. Da na hau mota a ranar, da na kwana a gida. Amma muna da gwaji ranar Alhamis, a wajen malamar nan, kuma ina so in wanke kaina a idonta. Na zauna na yi karatu. Tambayar kiratinin ta fito, na amsa ta tsaf, ban rasa maki ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a na isa Aliero, ana azumi ashirin da uku. A rudu na same ta. Fuskarta ta ɗan cika, wanda bai sani ba sai ya ce ƙiba ta fara. Shaƙuwa take yi ba ƙaƙƙautawa, damatsanta duk sawun farce, numfashinta yana wani wari da na karanta a littafi kwana uku da suka wuce. Albasar ma a hankali take ɗaga ta, kamar dutse. Na je na ɗebo ruwa a randa na durƙusa a gabanta. Na ce ta sha, kuskure na yi, ba ta da lafiya, ƙodarta ce.

Ta daɗe tana kallon kofin. Leɓunanta sun tsage, na ga maƙogwaronta ya motsa.

"In nis sha yanzu mi za su ce? Tsohuwa ta ga ruwa ta ƙago ciwo." Shaƙuwa ta katse ta. "Tai ka hwaɗa musu, Likita. Tsakar gida, inda kah hwaɗi waccan. Sannan in sha."

Ba abu mai wuya ta nema ba. Taku talatin ne daga rudu zuwa tsakar gida, kuma matan suna nan suna daka. Na miƙe da kofin a hannu, na bi ta gefensu, na wuce zaure wajen Baba. Na rufe ƙofa na gaya masa komai a hankali. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce kada maganar ta fita. Ya ce in aka ji, Inna ce za a ce ta bar yayar mijinta ta mutu a tsaye, shi kuma a ce ya zuba ido, ni kuma duk garin nan ba wanda zai sake miƙo mini takarda. Saura kwana bakwai, ya ce. A bari a yi salla, sai a kai ta babban asibiti a ce sabon ciwo ne.

Na san kwana bakwai ba nata ba ne. Na sani fiye da kowa a gidan, ina da cikakken maki a kai. Amma shawarar ta yi mini daidai, sai na kira ta biyayya ga mahaifi. Na je na ce wa Inna a ɗan sassauta wa Goggo aiki. Ta ce yau kuma? Na ce ai tsufa ne. Na shiga ɗakin Goggo ba ta nan na kwashe sauran ƙwayoyin na jefa a masai. Iyakar jarumtata ke nan. Da aka sha ruwa na kai mata kunu da hannuna na ce ta yawaita shan ruwa. Ta karɓa, ta tambaye ni ko na faɗa musu. Na ce ina neman lokacin da ya dace. Ba ta sake tambayata ba, kuma washegari ta tashi da azuminta.

Ranar azumi ashirin da shida, kafin azahar, ta faɗi a cikin albasa. Matar ƙaramin yayana ce ta gan ta, kuma sai da ta kira ta sau biyu da sunan ba'ar nan kafin ta gane ba barci take yi ba. Muka sa ta a motar maƙwabci, ni da Baba, zuwa wani asibiti a Jega. Ni na ɗauke ta daga mota zuwa gado, ban ko yi nishi ba.

Likitan da ya duba ta bai girme ni da shekara biyar ba. Aka ɗebi jini, bayan awa biyu takarda ta dawo. Kiratinin ya wuce ɗari tara. Gishirin da ke tsayar da zuciya ya haura. Wurare bakwai aka kewaye da ja. Likitan ya ce a nuna masa tsohuwar takarda in akwai, na ciro na ba shi. Ya duba lambar, ya dubi matar da ke kwance, ya sake duban lambar. Ya tambaya wa ya bar ta ta yi azumi da wannan, kuma ko tana shan wani magani. Baba ya ce tsofaffi ba sa jin magana, su suke sayen magungunansu. Ni kuwa na sami wani tsagin siminti a ƙasa na zuba masa ido. A ɗakin nan ba wanda ya ce mini Likita, kuma na gode wa Allah da haka.

Ya ce sai an yi mata wankin ƙoda, kuma ba a yi a nan, sai birni. Ya ce zai ba ta abin da zai riƙe zuciyar, in ta kai safiya da ɗan ƙarfi a kama hanya. Yadda ya faɗi "in" ɗin ya ishe ni bayani.

Wajen la'asar ta farfaɗo, idonta tar, kamar ba ita ba. Baba ya fita salla. Ta ga takarda a hannuna ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta kawo ta kusa da fuska, ta ɗora babban yatsan nan nata a kan jan farko ta ɗan danna, ta matsa zuwa na biyu. Ɗaya bayan ɗaya ta bi su har bakwai, tana motsa baki. Sai na ga tana murmushi. Tun ranar babur ban ga haƙoranta ba.

"Ashe ba ƙarya ni kai ba."

Na ce ba ƙarya take yi ba. Na ce ta yafe mini. Ban sani ba ko ta ji, hankalinta yana kan takarda. Ta ninke ta da kyau ta tura mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai.

"Kai ma matan gida su gani. Ka karanta musu awa yadda kak karanta waccan, tsaye, da ƙarhi. Ka ji, Likita?"

Na ce na ji. Na jira ko za ta kira ni da ɗayan sunan, ko sau ɗaya. Ta juya fuska bango ta rufe ido. Ba ta kai lokacin kama hanya ba, da hantsi aka dawo da ita Aliero a motar da ta kai ta.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida. Tsakar gida ya cika da mata 'yan gaisuwa, har daga Andarai an zo. Inna tana zaune a tsakiya idonta ya kumbura, kuma kukan gaskiya take yi. Ina jin tana gaya wa baƙi cewa Yaya ba ta yi jinya ba, da azuminta a baki ta faɗi, ko wata biyu ba a yi ba da Likita ya auna ta ya ce lafiyarta lau. Matan suna cewa ta yi kyakkyawan ƙarshe. Takardar tana aljihun gaban rigata, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. Na zo daidai wurin da na tsaya ranar nan, kusa da rijiya, na tsaya. Matan suka juyo suna dubana. Matar babban yayana ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, Likita, wai mi ak kashe ta?

Na sa hannu a aljihu. Na ce kwana ne ya ƙare. Suka ce Allahu akbar, haka ne, aka ci gaba da gaisuwa.

Yanzu ni ma ina koya wa ɗalibai lissafin nan, kuma suna cewa na iya bayani, musamman misalin kwandon toka. Baba ya rasu da maganar a cikinsa. Takardar tana cikin akwatina, jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, amma bakwai ɗin suna ƙirguwa. Inna tana nan da ranta, matan yayyena ma, tsakar gidan ma ba inda ya je. Duk salla ina zuwa. Ban karanta musu ba.